Koren shayi da sankarar mama: Yaya ya ce a ɗage kemon Umma

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, shekaruna 31. Wata biyu ke nan da aka tabbatar mana cewa ƙullutun da ke maman mahaifiyarmu na hagu sankara ce, bayan an yanki ɗan nama an gwada. Shekarunta 56. Likitoci sun ce ciwon ya taɓa kaluluwar hammata amma bai bazu sauran jiki ba, za a fara mata kemo, wato maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin sankara, sannan a yi aiki. Umma ta tsorata ƙwarai, don ta ga yadda wata maƙwabciyarmu ta rame, gashinta ya zube, daga baya ta rasu. Yayanmu, wanda shi ke ɗauke da hidimar gidan, ya ga bidiyo cewa sinadarin koren shayi yana kashe ƙwayoyin sankara. Ya sayo kwalabe uku na kafson koren shayi da tsada, ya ce a jinkirta kemo wata uku a gwada wannan tukuna. Yanzu Umma na haɗiyar kafso huɗu da sassafe kafin ta karya, ga ataya da yamma, ga maganin hawan jini da ta daɗe tana sha. Ranar da aka ba mu ta fara kemo ta wuce. Baba ya ce ba ya son a tilasta mata. Da na yi magana, Yaya ya ce wai so nake a yanke wa uwarmu nono. Shin akwai gaskiya a maganar shayin nan? Kuma in ni da ƙannena mata muka riƙa sha, zai kare mu?

Wata 'yar'uwa daga Katsina

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Umma lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya saka miki da alheri da ba ki yi shiru ba. Abu biyu nake so ki yi cikin makon nan: ki nemo wa Umma sabuwar ranar ganin likitocinta, kuma a ajiye kafson nan daga yau. Shayin da ake dafawa a sha a kofi kuwa, da wuya ya zama dole ta rabu da shi, zan zo kansa a gaba.

Maganar Yayanku tana da tushe, shi ya sa take da wuyar turewa. A ganyen koren shayi akwai wasu sinadarai da ake kira katekin, mafi yawa da ƙarfi a cikinsu shi ne wanda masana ke taƙaita sunansa da EGCG. An yi shekaru da dama ana gwada shi a ɗakin gwaje-gwaje. In aka zuba shi a kan ƙwayoyin sankara da ake reno a cikin faranti, yana rage saurin hayayyafarsu, yana sa wasu su mutu, yana kuma dagula saƙon da ƙari ke aikawa don sabbin jijiyoyin jini su tsiro su ciyar da shi. A jikin ɓeraye ma an ga ƙari yana raguwa. Wannan shi ne abin da masu bidiyo ke ɗaukowa. Abin da ba sa faɗa shi ne, ƙwayoyin da ke cikin faranti jiƙa su ake yi tsundum cikin sinadarin, kamar zane a ramin marina, dare da rana. Jikin ɗan Adam ba haka yake karɓarsa ba. Kaɗan ne ƙwarai daga abin da aka sha yake tsallake hanji ya shiga jini, hanta kuma tana sarrafa shi a fitar cikin 'yan sa'o'i. Yawan da ke kaiwa jini bayan shan shayi ya gaza wanda ake amfani da shi a faranti sau goma, a gwaje-gwaje da yawa ma har sau ɗari. Wannan giɓin ne ya sa dubban abubuwa ke kashe sankara a faranti amma su kasa yin komai a jikin marar lafiya.

To me aka gani da aka gwada a kan mutane? A Italiya, a wani bincike da aka wallafa a 2006, an ɗauki maza 60 masu alamun farko na sauyin ƙwayoyin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. An ba rabinsu miligiram 600 na katekin kullum har shekara guda, rabi kuma aka ba su ƙwayar da ba magani a ciki. Mutum 1 ne ya kamu da sankara a rukunin farko, 9 a na biyu. Sakamakon ya ja hankalin masana, sai aka sake irin gwajin a Amurka da maza 97, aka wallafa a 2015, ba a ga bambanci na a zo a gani ba a yawan waɗanda suka kamu. A Japan, inda shan koren shayi al'ada ce ta yau da kullum, an bi mata sama da 50,000 na tsawon shekaru, ba a ga cewa masu yawan sha sun fi tsira daga sankarar mama ba. A 2020 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta ke nan tattara bincike da tace shi, ta haɗa bincike 142 da suka shafi mutane sama da miliyan ɗaya, ta ce sakamakon ya saɓa wa juna, ba a iya kafa hujja da shi cewa koren shayi na hana sankara. Ki lura kuma, duk wannan a kan rigakafi ake magana, ga mutanen da ba su da ciwon. Warkar da sankarar da ta riga ta kafu har ta kai hammata, babu gwaji ko ɗaya a kan mutane da ya nuna shayi ko kafsonsa ya yi haka. Abin da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi daga koren shayi man shafawa ne mai suna Veregen, a 2006, kuma na tsiron fata ne a al'aura, ba na sankara ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato jinkirin. Yadda kika bayyana, ciwon Umma yana matakin da likitoci ke yin magani da niyyar warkarwa, ba lallashi kawai ba. Muddin bai wuce mama da hammata ba, ƙofar nan a buɗe take. Ranar da ya isa hanta ko huhu ko ƙashi, magana ta canza, sai dai a yi ta danne shi. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa a 2020 ya nuna cewa duk jinkirin mako huɗu kafin aikin sankarar mama yana ƙara haɗarin mutuwa da kusan kashi 8 cikin 100. Masu bincike a Jami'ar Yale kuma, a 2018, sun bi majinyatan da suka ajiye maganin asibiti suka riƙe na gargajiya ko na ganye kaɗai, suka samu cewa a cikin masu sankarar mama haɗarin mutuwarsu ya ninka na waɗanda suka bi magani fiye da sau biyar. Wata ukun da Yaya ke nema a ba kafso, ciwon ne zai ci moriyarsu. An riga an yi asarar wasu makonni, kada ki tsaya kan zargin kowa, amma kada a ƙara ko ɗaya.

Sai kafson kansa. Mutane na ɗaukar cewa tunda daga ganye yake, in bai yi amfani ba ba zai cutar ba. Ba haka ba ne. Kofin koren shayi ɗaya yana ɗauke da EGCG da bai cika wuce miligiram 50 zuwa 100 ba, a narke cikin ruwa, ana kurɓa a hankali. Kafso ɗaya kuwa yana iya ɗaukar na kofi uku ko huɗu ko fiye, a dunƙule. A 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa shan miligiram 800 ko sama da haka a rana ta hanyar irin waɗannan ƙwayoyi yana da alaƙa da alamun lahani ga hanta, yayin da shayin da ake dafawa a sha bai nuna wannan matsalar ga yawancin mutane ba. A jihar Minnesota ta Amurka an ba mata sama da 1,000 da suka daina al'ada ko dai miligiram 843 kullum ko ƙwayar da ba komai a ciki har shekara guda, sai aka ga gwajin hanta ya hau a wajen masu shan sinadarin fiye da sauran nesa ba kusa ba. Shan sa da cikin da babu abinci, yadda Umma ke yi, shi ya fi tura shi cikin jini da yawa, kuma shi ya fi haɗari. Ɗauko kwalbar ki duba adadin EGCG da aka rubuta a kowane kafso, ki ninka sau huɗu. Mai yiwuwa ki ga ta haura 800. In ba a rubuta adadin ba ma, wannan kaɗai ya isa dalilin ajiyewa. Lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin ganye ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da mai talla ke faɗa.

Dalilin da ya sa nake nanata hanta shi ne, ita ce za ta sarrafa yawancin magungunan kemo. Kafin kowane zagaye sai an gwada jini. In aka ga hanta ta jigata, likita zai rage magani ko ya ɗage ranar, ka ga kafson ya jawo wani jinkirin a kan na farko. Don haka ki roƙi a yi mata gwajin aikin hanta, da na ciwon hanta nau'in B in ba a yi ba, domin yana da yawa a ƙasarmu kuma kemo na iya tayar da shi in yana kwance. Kafin ranar asibiti, in kika ga idanunta sun yi rawaya, ko fitsarinta ya yi duhu, ko tana ƙaiƙayin jiki da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko amai ya ƙi tsayawa, kada ku jira, ku tafi a ranar.

Maganin hawan jininta ma abin dubawa ne. An gwada a kan mutane an ga koren shayi yana rage yawan nadolol da ke shiga jini da kusan kashi 85 cikin 100, sinadarinsa mai ƙarfi kuma yana rage na lisinopril da kusan kashi biyu cikin uku, lisinopril kuwa yana cikin waɗanda aka fi rubuta wa masu hawan jini a nan. Ki karanta sunan nata. Ku riƙa auna jininta kwanakin nan, musamman bayan an daina kafson, don maganin zai iya dawowa da cikakken ƙarfinsa. Akwai ma maganin sankara guda, bortezomib, na sankarar ɓargo, wanda aka nuna a 2009 cewa EGCG na manne masa ya kashe aikinsa. Ba shi za a ba Umma ba, na kawo shi ne don Yaya ya ga cewa sinadarin da ake yabo yana iya tsayawa a gefen ciwon maimakon gefen marar lafiya.

Mu zo kan mutanen gidan, don a nan aikinki yake. Yayanku ba maƙiyin Umma ba ne. Mutum ne da nauyi ya yi wa yawa, yana tsoron rasa uwarsa, yana kuma iya yiwuwa yana lissafin kuɗin kemo a zuciyarsa bai faɗa ba. Kafso ya ba shi abin da zai riƙe ya ce ya yi wani abu. Kalmar da ya jefa miki ta yi zafi, na sani, amma tsoro ne ya yi magana. In kika tunkare shi a gaban jama'a da cewa an yaudare shi, zai kafe don kare girmansa. Ki same shi shi kaɗai, ki fara da gode masa kan ɗawainiyar da yake yi, sannan ki roƙe shi abu ɗaya: ya raka Umma asibiti da kansa, ya riƙe kwalbar a hannunsa, ya tambayi likitan sankara duk abin da ke ransa. Bari amsar ta fito daga bakin likita, kada ta zama ƙanwa ce ta kayar da wa. In kin san akwai wanda yake jin maganarsa, kawu ko gwaggo ko malaminsa, ko wani ma'aikacin lafiya a dangi, ki fara bi ta wajensa. Ki kuma buɗe maganar kuɗi a fili, ku zauna ku duka a raba nauyin gwargwadon hali. Ku tambayi ofishin jin daɗin majinyata na asibitin game da asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya, wanda ya shafi sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja suna cikin inda aka fara shi. In Umma na da inshorar lafiya, a bincika abin da take ɗauka.

Baba ya yi gaskiya da ya ce kada a tilasta mata. Jikinta ne, kuma ita ke da ta cewa. Sai dai ki nuna masa cikin ladabi cewa zaɓin da aka yi bisa labarin da ba daidai ba, ba zaɓinta ba ne tukuna. Umma ta yarda da kafso ne don an ce mata zai yi aikin da kemo zai yi ba tare da wahala ba. Haƙƙinta ne ta ji gaskiya da Hausa, daga bakin likita, sannan ta yanke hukunci. Shirun Baba a yanzu yana ƙara wa ɓangaren jinkiri nauyi ko bai yi niyya ba, kuma kalma ɗaya daga gare shi za ta iya sauƙaƙa wa kowa.

Ita kuwa Umma, ki zauna da ita ke da ita, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kada ki fara da lissafi, ki tambaye ta me ta fi tsoro. Maƙwabciyar da ta gani, akwai yiwuwar ta isa asibiti ne bayan ciwo ya ci ƙarfinta, domin yawancin matanmu a makare suke zuwa, sai a ɗora wa kemo laifin abin da sankara ta yi. Ki gaya mata abin da zai faru ba ɓoye-ɓoye. Galibi ana yin kemo zagaye 6 zuwa 8, mako uku tsakanin kowanne, ta hanyar ƙarin ruwa, ta koma gida a ranar. Gashi yakan fara zubewa mako biyu zuwa uku bayan zagayen farko, yana kuma dawowa cikin 'yan watanni bayan an gama, ɗankwali da mayafi sun rufa asiri a tsakani. Tashin zuciya akwai magungunansa da ake bayarwa tun kafin a sa ruwan, irin su ondansetron, in ba su isa ba a faɗa a ƙara. Abin da ba a wasa da shi shi ne zazzaɓi: ku sayi ma'aunin zafin jiki, in ya kai 38 a tafi asibiti ko da tsakar dare ne, kada a tsaya shan farasitamol a gida. Game da nonon kuma, ɗaya daga cikin dalilan fara kemo kafin aiki shi ne ƙullutun ya ƙanƙance, har a wasu matan a iya cire shi kaɗai a bar sauran. Ba alkawari ba ne, likitan fiɗa ne zai faɗa, amma duk makon da aka ƙara wannan damar raguwa take yi. In ma'aikatan jinya za su haɗa ta da wata mata da ta gama magani tana harkokinta, hira ɗaya da ita ta fi dogon bayaninmu tasiri.

Shayinta na yamma fa? In likitanta bai hana ba bayan ya ga gwajin jini da jerin magungunanta, kofi ɗaya zuwa biyu a rana ba matsala, don daɗi da ɗumama jiki, ba a matsayin magani ba. Ƙaramin cokali ɗaya na ganye, kimanin giram 2, ya isa kofi guda. A tafasa ruwa a sauke, a bar shi ya huce minti uku zuwa biyar, a zuba a kan ganyen, a tace bayan minti biyu ko uku. Ataya yadda aka saba dafa ta, ganye cike da hannu a ƙaramar buta yana ta tafasa a kan gawayi, ta fi wannan kauri da ɗaci sosai, shi ya sa ake danna mata sukari. Ta rage kaurin da sukarin. Kada ta sha da cikin wofi, kada kuma ta sha a kan abinci, domin shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye da hatsi, ita kuwa kemo zai rage mata jini. Ta ba da tazarar aƙalla awa ɗaya bayan cin abinci, awa biyu tsakaninsa da maganin ƙarin jini, kuma maganin hawan jini da ruwa zalla za ta sha shi, nesa da lokacin shayi. Ta bari ya huce kafin ta kurɓa: a 2016 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shan abin da zafinsa ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo sankarar maƙoshi. In kemo ya sa bakinta ya yi gyambo, a dakatar da duk abu mai zafi ko tsami sai ya warke.

Ke da ƙannenki, ku sha shayi in kuna so, amma kada ku ɗauke shi garkuwa. Wadda mahaifiyarta ta yi sankarar mama, haɗarinta ya kai kusan ninki biyu na sauran mata, duk da haka yawancin irinku ba sa kamuwa. Abin da ke da hujja shi ne ki san yanayin mamanki, ki riƙa dubawa bayan kowace al'ada, ki je a duba duk wani ƙullutu ko lotsawar fata ko shigewar kan nono ko ruwa mai jini ba tare da jiran ya yi ciwo ba. Ki gaya wa likita tarihin gidanku, har da ko an taɓa samun sankarar mama ko ta ƙwan mahaifa a dangin uwa ko na uba, ya tsara muku shekarun fara hoton mama. Shayarwa mai tsawo tana rage haɗarin, da kusan kashi 4 cikin 100 a kowace shekarar shayarwa, haka motsa jiki da kiyaye ƙiba, musamman bayan ɗaukewar al'ada. In akwai 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 a gidan, a bincika allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa da Najeriya ta fara bayarwa kyauta a 2023.

Ranar komawa asibiti, ki haɗa a jaka guda: takardar sakamakon naman da aka gwada, hotunan da aka yi, duk magungunan da Umma ke sha a cikin kwalayensu, da kwalbar kafson, ki kuma rubuta ranar da ta fara sha da adadin da take sha. Kada kunya ta sa ku ɓoye wa likita, sun saba gani, kuma sanin zai taimaka musu wajen karanta gwajin hanta. Ku tambaya ko za a sake auna ƙullutun tunda lokaci ya ja, da ko an gwada naman don sanin irin sankarar, wato ER da PR da HER2, domin a kan wannan ake zaɓen magani. Kada ku baro wajen sai an rubuta muku ranar zagayen farko da lambar da za ku kira in wani abu ya taso cikin dare.